Duwatsu Biyu a Bakin Rijiya

Marin ya sauka a kuncin Barmo kafin ya rufe baki. Shekara ashirin da shida yana haƙar rijiya tsakanin Gulma da Argungu, ba a taɓa ɗaga masa hannu ba sai yau.

"Sake faɗi in ji!" in ji Alhaji Izzuddeen, mai gonar.

"Ba ni shiga ramin ga. Ko ka kashe ni."

A gefensu akwai kwanon ruwa da duwatsu biyu a ciki. Barmo ne ya jiƙa su tun da hantsi, yadda ya saba duk sanda ƙasa ta canza masa a ƙarƙashin diga. Ɗaya fari ne mai tauri, da zanen ƙwanson katantanwa a jikinsa, a zurfin gaba bakwai suka same shi. Ɗayan daga gaba tara ya fito, ruwan toka, shafi-shafi, da wani abu a tsakani yana ƙyalli kamar gilashi.

Cornelius, abokin aikin Barmo, mutumin Filato da ya yi haƙar kuza kafin ya zauna Birnin Kebbi, ya ɗago farin.

"Alhaji, duba. Wani injiniya ya gaya mini da can teku ce nan wurin. Wannan ɓawon halittun ruwa ne suka taru suka daskare, zai riƙe bango. Wancan kuwa lakar ƙasan tekun ce, ƙyallin nan abin da ruwa ya bari ne da ya ƙafe. Yana shan ruwa sai ya kumbura ya zube. Sai an sa zoben siminti tukuna."

"Laka ke ƙyalli? Lu'ulu'u kunka gani cikin gonata, kuna so in ba da baya ku kwashe. Ɓarayi!"

Ya suri shebur ya kai wa Cornelius duka. Cornelius ya tare da hannu, ƙashin ya ce ƙas. Barmo ya yi kukan kura ya shaƙe Alhaji, suka zube kan tulin ƙasa. Alhaji ya gabza masa kai a baki, haƙori ya fita. Da ƙyar masu yankan shinkafa suka raba su.

Alhaji ya tuɓe riga, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya ɗauki diga, ya sa suka zura shi cikin ramin. Barmo ya kalli kwanon. Dutsen mai ruwan toka ya tsage gida huɗu.

"Alhaji, kada ka sari gabas, can yake tsattsafo!"

Can ɗin ya fi ƙyalli, can kuma Alhaji ya kafa diga. A sara na uku aka ji rugugi, sai ihu.

Barmo ya tofar da jini, ya zagi uwar ramin, ya kama igiya ya sauka. Ya tarar da Alhaji binne har ƙirji. Da yatsu ya tone shi, ƙasa tana zubo masa a ƙeya. Da aka jawo su, ƙafar Alhaji ta juya baya, amma hannunsa na dunƙule. Alhaji ya buɗe hannun. Laka ce, da ɗan ɓarɓashi mai ƙyalli. Barmo ya sa farce ya murƙushe shi.

Mashin ɗaya ne a gonar. Mai mashin ya tambayi wa za a fara kaiwa asibiti.

Barmo ya jefa farin dutsen a aljihu.

"Cornelius," ya ce.