Zaren Bahaguwa

Shekarar da fari ya ƙone mana gero tun bai kai gwiwa ba, a ƙauyenmu na gefen Bici babu mai zancen sabuwar riga. Kowa tsohuwa yake zaƙulowa daga ƙasan adaka ya kawo mini. Ni Nababa, sana'ar gidanmu ke nan tun kakana. In asu ya ci riga ko wuta ta taɓa ta, mu ba ma lafta mata faci kamar telolin kasuwa. Zare muke zarowa daga cikin kalmasar ƙasan rigar, mu saƙe ramin sili-sili har mai ita ya rasa inda yake.

Da mu biyu ne, ni a zaure, matata Sauda a cikin gida. Wallahi ta fi ni hannu, ko da yake girman kai bai taɓa bari na faɗa mata ba. Da kakar shekarar nan Allah ya yi mata rasuwa. Ɗanmu Basiru ya tafi Kano neman abinci, aka bar ni daga ni sai allura. Kayanta an raba, aikinta kuwa yana jikin mutane. Duk rigar da aka kawo sai na juya ta ciki da bai ina neman hannunta, ko da sili ɗaya ne. To ina zan gani? Matar da ta shekara talatin tana ƙwarewa wajen ɓoye aikinta.

Ran wata Talata Malam Mika'ilu, wani manomi daga Watari, ya kawo babbar riga ta saƙi, asu ya huda mata ƙirji. Ya ce yana so kafin Juma'a. Na balbale shi da faɗa a kan yadda za a yi wa riga irin wannan riƙon sakainar kashi.

Na dudduba ta ina neman hannun Sauda, ban ga komai ba. Na buɗe kalmasa, na sa bakin allura na shiga jan zare yadda na saba, hankalina yana wani wuri. A sili na biyar yatsuna suka tsaya cak. Murɗin zaren a juye yake. Sauda bahaguwa ce, kuma in zaren riga bai isa ba, da kanta take kaɗa nata ta aika a rina. Duk yankin nan babu mai murza mazari ta wannan gefen sai ita. Ina dubawa na ga wurin ya buɗe, tsohon ramin da ta taɓa cikewa ya dawo. Wata biyar ina neman aikinta, na same shi, kuma da hannuna na warware shi.

Na zauna da rigar a cinya har aka kira la'asar. Kuka na yi, ba zan ɓoye ba, kuma babu ko wanda zai ce in yi haƙuri.

Kwana uku na yi a kanta. Zaren Sauda na sa a ƙirji, ramin kalmasa kuwa na cike shi da nawa zaren. Da Malam Mika'ilu ya zo ran Juma'a na miƙa masa, na ce, "Malam, don Allah ka riƙa kawo ta nan, ko ba abin da ya same ta. In gan ta kawai."

Ya sunkuyar da kai. "Nababa, ai ba don in sa na kawo ba. Gobe zan kai ta Kano in sayar. Dawa ta ƙare mana."

Da ina da hatsi da na auna masa a take, amma rumbuna tun watan jiya na share shi. Na karɓi rigar na sake ninke ta da kyau, ƙirjin daga ciki, na ba shi.

Abin da ya rage na zaren bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Na zura shi a allurar, na soke ta a cikin hulata. Washegari na ɗauko wata allura na ci gaba da aikin mutane.