Tirelar da Ba Ta Ciwo a Gareji

Babu motar da ta raina Dogo bakanike kamar tirelar Baba, surukinsa. A hanya, in ji Baba, sai ta riƙa karkarwa tana tari, ƙarfi ya gudu, hayaƙi ya turnuƙe. Amma da an shigo da ita gareji an jona mata kwamfuta, sai ta yi lamo kamar ba ita ba. Lambar matsala ko ɗaya babu, allo fes.

Abin da ya hana Dogo sakat shi ne maganar manajan kamfanin da Baba yake yi wa tuƙi. Cewa ya yi in aka sake dubawa ba a ga komai ba, to mota lafiyarta ƙalau, direba ne ya tsufa, ya ajiye makulli ya je ya huta. Baba kuwa in ka raba shi da sitiyari ka gama da shi. Ga matar Dogo a gida, ta daina yi masa sannu da zuwa, sai dai ta tambaye shi ko ya gano abin da ke damun motar ubanta.

Dogo ya canja matatar mai, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya har idonsa ya yi ja. Shiru. Da ya gaji, sai ya ce wa Baba su fita tare, da kaya a baya, ya gani da idonsa. Tsohon ya yi ta kawo uzuri, wai kujerar gefe ta lotsa, wai rana ta yi zafi. Dogo dai ya haye, ya jona kwamfutarsa a ramin da ke ƙarƙashin sitiyari, ya yi zamansa.

Sun fara hawan wani tudu ke nan sai ga ta: kat-kat-kat, kan motar yana rawa, fitilar gargaɗi ta kama. Kafin Dogo ya buɗe baki, Baba ya gangara gefen titi, ya zura hannu ƙarƙashin kujera, ya zaro wata 'yar na'ura mai goge lambobin matsala. Hannu ya riga ya saba. Sai da ya laluba ramin ya ji wayar Dogo a ciki, sannan ya tuna ba shi kaɗai ba ne a motar.

Kai, ran Dogo ya ɓaci! Ashe duk wahalar nan, shaidar ake sharewa kafin a kawo masa. Da wani ne da ya sha masifa, amma wa zai ɗaga wa suruki murya? Ya haɗiye, ya tambaya a hankali.

Baba ya sunkuyar da kai. Wai wani direba ne ya gaya masa kwamfutar mota kurakuran direba take rubutawa, kamfani ya karanta, shi ne direban ya ba shi na'urar.

"Na zaci ƙarata take kaiwa," in ji shi. "Na ce ko ƙafata ce ta fara rawa a kan totur."

Dogo ya juya masa allon. Lambar ta fito ɓaro-ɓaro: silinda ta huɗu ba ta ƙona mai yadda ya kamata. Suka lallaɓa suka koma gareji. Don ya tabbatar, Dogo ya cire injektar da ke fesa wa silinda ta huɗu mai, ya musanya ta da ta silinda ta biyu, suka sake hawan tudun. Mota ta yi tarinta, lamba kuma ta koma silinda ta biyu. Ya yi wa Baba bayani cewa ciwon ya bi injekta duk inda aka kai ta, ita za a canja.

Baba ya dubi allon, ya dubi Dogo.

"Wato ba ni ba ne."

"Ba kai ba ne, Baba."

Tsohon ya saki sitiyari, ya ɗora hannuwansa a cinya. Ya ce shi har ya fara tunanin abin da zai gaya wa jikokinsa in sun gan shi zaune a gida da rana tsaka. Tausayi ya kama Dogo, fushin ya tafi gaba ɗaya. Ya ciro waya ya kira manaja, ya ce masa an ga matsalar, kuma a inji take.