Allah Ya Kawo Kasuwa

Maikano yana kwance a ƙarƙashin jar motar kwana-kwana, ƙafafunsa kaɗai ke waje, sai Audu ya zo ya zungure shi da bakin takalmi, ya ce ya fito ya wanke fuska, an ga surukinsa ya sauka a tasha.

Suruki dai a bakin Audu, don har ranar ba a ba Maikano kowa ba. Shi ne direban motar kashe gobara a ɗan ofishin da ke bakin titin Kiru, Audu kuma shi ke riƙe mesa. Wadda Maikano yake nema Zuwaira ce, bazawarar nan mai waina a tsallaken titi, wadda har direbobin Tudun Wada suke cin birki saboda ita. Wai saboda wainar, in ji su. Tana so, yana so, matan unguwa ma sun gama ɗaura auren a bakin rijiya. Saura mutum ɗaya, ƙanen mahaifinta, Baffa mai hatsi na kasuwar Ƙafin Maiyaki, shi ne waliyyinta.

Kalma ɗaya ce ta ɓata lamarin. Ranar da Maikano ya je gaisuwa, ya tsuguna a zaure, Baffa ya tambayi sana'arsa, ya faɗa masa, kansa a ƙasa. To shi Baffa tun tasowarsa addu'a guda yake sallamar mutane da ita, da mai jaki, da mai awo, har liman bai bari ba. Sai ya ce Allah ya kawo kasuwa. Maikano ya buɗe baki zai amsa, ya tuna mece ce kasuwar tasa, ya mai da bakin ya rufe. Baffa ya zaci bai ji ba, ya maimaita da ƙarfi. Shiru. Kafin a kira magariba labari ya gama gari, wai manemin Zuwaira ba ya amsa addu'ar manya. Wasu suka ce irin mutanen nan ne na yanzu da ba sa shafa fatiha. Wasu suka ce jiniya ce ta toshe masa kunne.

Ina Maikano zai iya gyara wa suruki magana a zaurensa? Zuwaira kaɗai ya yi wa bayani, ita kuwa ta ce ai Allah ya san abin da tsoho yake nufi. Da ƙyar ta lallaɓo Baffa ya yarda zai zo ya sake duba mutumin a wurin aikinsa, daga nan ya yanke magana. Da safiyar ranar, tana zuba wa Maikano waina, ta ce masa, “Ko tari ya yi, ka ce amin. In ka sake yi masa shiru, ka nemi mai soya maka.”

Baffa ya iso da babbar riga tana ƙamshin turare da ɗan warin buhu. Aka gaisa, aka sa masa benci a gindin darbejiya. Maikano zai ajiye aiki, Baffa ya ce a'a, ai aikin ya zo gani.

To, ya gani. Maikano ya zaro ƙarfen awon baƙin mai, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa ya ɗaga shi wajen haske. Ya leƙa ruwan lagireto da na batir. Ya bi tayoyi yana buga musu ƙarfe yana kasa kunne. Ya hau sama ya leƙa tanki, ya ga ruwan dam ɗin da suka ɗebo yana nan a cike. Suka warware mesa shi da Audu har bakin titi, suna shafa ta taki-taki ko ɓera ya ɗanɗana. Da suka zo kan bakin ƙarfen mesar, Maikano ya hura, iska ta ƙi wucewa. Ashe zanzaro ne ya yi gini a ciki, ko izinin gwamnati bai nema ba. Ya sa tsinke ya rushe masa gida. Sannan ya tada mota, ya taka birki, ya ɗan taɓa jiniya, ya kunna famfo. Ruwa ya tashi ya wuce kan darbejiya, awakin maƙwabta suka watse, Baffa ya tattare rigarsa yana murmushi.

Abin ya burge shi. Ya tashi ya bubbuga taya yadda yake bubbuga buhun gero. Ya tambaya ko don ya zo ne ake wannan hidima. Audu ya ce kullum ne, har ranar Salla sai Maikano ya shiga ƙarƙashin motar nan kafin ya tafi Idi. Baffa ya ce to yaushe rabonsu da fita aiki? Maikano ya ce tun bazara, da tarin kara ya kama da wuta a Ɗansoshiya. Ga shi damina ta wuce, har kaka ta shigo.

Nan tausayi ya kama tsoho. Shi ya san ciwon a kasa kaya tun safe, a share gaban rumfa, a wuni ba mai tayawa. Ga bawan Allah mai tsafta, mai himma, amma ba ciniki. Sai ya ɗaga hannu biyu, ya gyara murya.

“Allah ya kawo kasuwa, ɗana. Ya kawo ta da yawa, safe da yamma, har ku rasa lokacin cin abinci.”

A tsallaken titi Zuwaira ta miƙe tsaye da cokalin juya waina a hannu, ta zuba wa Maikano ido. Amin ɗin ta zo har maƙogwaro, ya tuna wata mata da ya gani a gobarar Ɗansoshiya zaune a kan toka tana tonon tukwanenta, sai amin ɗin ta koma ciki. Ya sunkuyar da kai. Fuskar Baffa ta fara haɗewa, ya soma laluben sandarsa.

Audu ne ya amsa. Ya ja amin doguwa, ya shafa har gemu, sannan ya rusuna cikin ladabi.

“Baffa, a Ƙafin Maiyaki rumbunan wa suka fi yawa? Don mu san hanya tun yanzu. Ka san mu kasuwarmu da kaka take ci, kuma a gidan masu hatsi.”

Hannun Baffa ya tsaya a kan sanda. Ya dubi motar, ya dubi mesa, ya dubi gabas inda ya baro dammunan dawarsa jingine da dangar kara. Ya yi a'uziyya, ya tofa gefe. Ya ce Audu ya janye amin ɗinsa yanzun nan. Audu ya ce ai amin ba ta da ribas, ta riga ta tafi. Baffa ya juya wajen Maikano.

“Kai ka amsa?”

“Ban amsa ba, Baffa.”

“Ran nan a zaure fa?”

“Ran nan ma ban amsa ba.”

Baffa ya koma ya zauna. Ya daɗe yana motsa baki, yana neman addu'ar da za ta goge waccan, kuma wadda ya samo bakinsa bai taɓa furta irinta ba tun da ya fara riƙe mudu. Ya waiga ko akwai ɗan kasuwa a kusa, sannan ya rage murya.

“Allah ya kashe muku kasuwa.”

Amin ɗin da Maikano ya yi, har masu shayin tasha sun ce sun ji.

Baffa ya ce wa Maikano ya turo magabatansa bayan Juma'a. Ya kama hanyar tasha, ya yi ɗan nisa, sai ya dawo ya tambaya a hankali ko motar za ta iya shiga lungun gidansa. Maikano ya ce za ta shiga. Baffa ya ce madalla, amma dai gobe ma a leƙa wa zanzaron nan.

Maikano ya koma ƙarƙashin mota, don dama bai gama duba tiyon birki ba. Audu ya ɗaga hanci ya ce yana jin ƙauri. Wainar Zuwaira ce, tanda guda ta yi baƙi ƙirin ita tana tsaye tana kallonsu. Ita kaɗai ce ta ƙone a garin ranar, kuma Audu ne ya cinye.