Fitilar Motar Auta

Burodi ne ya fara isowa ƙofar shagona, guda uku cikin leda suna gangarowa, tun ban gane ƙarar da na ji ba. Na yar da rigar da ke hannuna na fito. Babur na kwance tayarsa na juyawa, mai burodi na durƙushe ya dafe kai, Baba Mai Agogo kuma yana bakin kwata, ƙafarsa ta dama a karkace.

"Wallahi ban gan shi ba," mai burodi yake ta maimaitawa. "Fitila ce ta dalle ni. Ko titin ban gani ba."

Na san gaskiya yake faɗa, don ni ma ta dalle ni. Rana ta faɗi ke nan, ina sa maɓalli a bakin ƙofa, sai farin hasken nan mai shuɗi-shuɗi ya wanke shagon ya wuce. Mota ɗaya ce tak a layinmu mai irin wannan fitila, ta Auta, ɗan Baban na ƙarshe. Ya fita ɗauko matarsa daga wurin aiki, ya sha kwana, bai san abin da ya bari a baya ba.

Na durƙusa na tallafo kan tsohon. Ya kama bakin hannun rigata ya jawo ni kusa.

"Tela, kin ga motar?"

"Na gani, Baba."

"Ba ki gani ba."

Shekara goma sha tara muna maƙwabtaka, teburin gyaran agogonsa na kallon shagona, bai taɓa roƙona ko allura ba. Sauran 'ya'yan duk sun watse, Auta ne ya zauna da shi, shi ke yanke masa farce, shi ke sayo masa magani. Aibin yaron ɗaya, son ƙyale-ƙyalen mota. Ranar da aka sa masa ƙwan fitilar nan sai da ya kira ni na gani. Na ce masa wannan ai ba fitila ba ce, walda ce. Ya yi dariya ya ce ni tsohuwar yayi ce.

A asibiti aka ce ƙugu ya karye. Auta ya zama kamar ba shi ba. Tun kafin a gama yi wa uban ɗori ya sa an kama mai burodi, aka riƙe babur ɗin, ya rantse sai sun je gaban alƙali. Bawan Allah ya kwana huɗu a caji ofis. Da aka ba da belinsa kullum sai ya zo ya tsaya nesa da gidan su Baba, ba babur ba aiki, yana murza hula a hannu, ga shi da yara uku.

Bayan sati uku aka dawo da Baba gida. Ƙashin bai kama ba, ciwon ƙirji kuma ya shigo ciki, tari ba dare ba rana. Ni ba yarinya ba ce, na yi jinyar mutum biyu, na san inda aka dosa. Shi ma ya sani.

Wata rana da hantsi na shiga na same shi shi kaɗai, akwatin kayan aikinsa a gefen filo. Na ja kujera na zauna, ban tsaya dogon gaisuwa ba.

"Baba, ni fa ba na iya riƙe magana, kowa ya sani."

"Shi ya sa nake roƙonki. Da mai iyawa ce ai ba sai na roƙa ba."

"Za a ɗaure mutum a banza. Jibi za a shiga kotu."

"Na ce wa Auta ya janye ƙarar, ya ƙi. Ya ce ƙarya mai burodin yake, babu hasken da ke hana mutum ganin mutum."

"To a gaya masa motar wa ce mana."

Ya daɗe yana tari. Na ba shi ruwa ya kurɓa.

"Ni tafiya zan yi, Tela. Shi zai zauna da maganar har shekara arba'in. Ki bar ni da ɗana, na san ta inda ake buɗe shi. Ke dai ki zo da yamma, za ki tura ni."

Raina ya ɓaci, na fito ina mita har shago. Amma da yamma na rufe da wuri na je.

Duhu ya fara shiga, Baba ya ce a fito da shi ya sha iska. Auta ya ɗora shi a keken guragu, ya lulluɓe masa ƙafa da bargo, muka fito ƙofar gida inda motar take a ajiye.

"Auta, kunna min fitilar nan taka."

"Baba, sanyi zai kama ka."

"Kunna. Sai ka je wajen falwayar can, ka juyo ka taho wurina a ƙasa."

Auta ya kalle ni, na ɗaga kafaɗa. Ya kunna, layin ya yi fari tas har gidan ƙarshe. Yana juya baya Baba ya yi min alama, na tura keken daga bakin ƙofa zuwa gefen motar, bakin titi, daidai inda mai tafiya a ƙasa zai bi. Ba mu ɓuya ba, ba mu matsa bayan komai ba.

Auta ya juyo ya taho. Bai yi taku biyar ba ya kare fuska da hannu. Ya ci gaba yana laluben ƙasa da ƙafa, ya nufi bakin ƙofa inda ya bar mu. Ya wuce ta gabanmu, har gefen rigarsa ya shafi hannun keken.

"Anti? Kun shiga ciki ne? Baba, kana ina?"

"Ga ni nan," in ji Baba a hankali.

Ya zabura ya juyo. Ya tsaya yana ƙifta ido, sai da ya miƙa hannu ya taɓa bargon.

"A ƙasa kake, a hankali kake tafe, kuma ka san ina nan," Baba ya ce. "Shi yana kan babur da lodi a baya. Irin wannan hasken ne ya same shi. Motocin sun yi yawa a gari yanzu, kowa ya sa."

Ya faɗi "kowa" ɗin yana kallona. Na kafe ido a tayar mota kamar yau na fara ganin taya.

Auta ya kashe fitilar, ya tura uban ciki. Washegari da sassafe ya je ya janye ƙarar, da kansa ya karɓo babur ɗin ya kai wa mai burodi har gida. Da rana bakanike ya zo ya cire ƙwayayen, ya mayar da na asali masu ruwan ɗorawa. Da na kai wa Baba labari ya lumshe ido ya ce, "Bai tambayi komai ba?" Na ce bai tambaya ba. Ranar ya ci abinci da yawa, har ya tsokane ni wai ɗinkina ya fi bakina karkacewa.

Kwana shida bayan nan ya rasu, da safe, Auta na goge masa fuska. Na yi kuka sosai, ba na ɓoyewa. Mai burodi na cikin waɗanda suka ɗauke shi, a gaba ma.

Sai da masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa Auta ya shigo shagona. Ina kan keken ɗinki ina haɗa rigar makaranta. Ya zauna a bencin masu jiran ɗinki, ya rame, gemu ya fito masa. Ya buɗe tafin hannunsa. Agogon hannun Baba ne, gilashin a tsage.

"A akwatin kayan aikinsa na same shi, Anti. Shi ne a hannunsa ranar. Da ya faɗi ya tsaya." Ya juyo min da fuskar agogon. Babu hannaye, an cire su tsaf, sai lambobi kawai. "Ga hannayen can a cikin gidan ashana. Mutum yana kwance da karaya, ya sa a kawo masa kayan aiki, bai gyara ba, sai ya cire abin da ke nuna lokacin. Don kada wa ya gani?"

Ban tsayar da keken ba.

"Ranar ni ma daidai lokacin na fita, bakwai saura," ya ce. "Ke kina bakin ƙofa. Wace irin mota ce?"

Ni da ba na iya riƙe magana, na ji ta taso min har maƙogwaro. Na ɗaga ƙafa daga keken, na dube shi cikin ido.

"Mota nawa ce ke bi ta layin nan, Auta? Ni maɓalli nake sawa, kaina a ƙasa. Haske na gani, ban ga mota ba."

"Ba ki gani ba."

"Ban gani ba."

Ya gyaɗa kai. Bai sake tambaya ba, bai kuma tashi ba. Na sunkuya na ci gaba da ɗinki, zaren ma ya tsinke ban tsaya sawa ba. Da na saci kallonsa, ya kara agogon a kunne, ya rufe ido yana saurare.