Wando Biyu na Jarumi Wade Hollis

A bazarar 1953 ni ce mai wankin kamfanin da ya zo garinmu Kanab ɗaukar fim ɗin kaboyi. Mai wanki kuwa ba a ɓoye mata komai, tufafi ne ke kai mata tsegumi har gida.

Jarumin fim ɗin shi ne Wade Hollis, mai farar malafa da haƙora kamar an jera shinkafa. Kullum da yamma kayansa kashi biyu ake kawo mini, iri ɗaya sak: riga biyu, wando biyu. Wando ɗaya ƙamshin turare yake, da shi da sabo babu bambanci. Ɗayan kuwa cikin cinyoyinsa ya goge har ya yi sheƙi, ga gashin doki, ga warin gumi. Na tambayi Misis Tolliver, shugabar masu kula da tufafi, ko mutumin nan ƙafa huɗu gare shi.

Ta ce, "Nadine, an ɗauke ki wanki ne ko aikin jarida?"

Da ta ce mini na canji ne, da na yarda na manta. Amma ta hana ni tambaya, ni kuwa a duniya babu abin da ke hana ni sukuni kamar haka. Na fara duba rigunan. Wadda ke zuwa da wando mai warin doki, kafaɗarta ta hagu ta fi saurin cinyewa, alamar mai ita yana da ɗan karkace. Na bi kayan mutum arba'in ina neman wata rigar mai irin wannan ciwo. Na same ta a inda ban zata ba: baƙar rigar Emmett Rusk, mugun fim ɗin.

Emmett ya mutu a fim ya fi sau arba'in. An harbe shi, an rataye shi, an jefo shi daga kan dutse. Fuskarsa doguwa ce, ga tabo a gira, ko murmushi ya yi sai ka lalubi aljihunka. Na tare shi bayan tantin abinci yana cin wake da burodin masara, na ajiye masa rigunan biyu a gabansa.

Na ce, "Wace ce taka a ciki?"

Ya dube su, ya dube ni, ya ajiye cokali. "Ke 'yar Orval Pruitt ce ko? An ce gidanku ba ku da kunya."

"An faɗa maka gaskiya. Amsa mini."

Sai ya faɗa mini, murya ƙasa-ƙasa. Wade Hollis tsoron doki yake. Idan ana son fuskarsa, a kan sirdin da aka ɗaure a bayan mota ake ɗora shi, wasu ƙarti biyu suna girgiza shi. Duk sukuwar da aka ɗauko daga baya ko daga nesa, Emmett ne cikin farar malafa. Da safe ya sa baƙaƙen kaya ya gudu, da rana ya sa farare ya bi sawun kansa.

Na yi dariya har na riƙe ciki. "Wato kai kake kora, kai kake gudu?"

Ya ce, "Shekara tara ke nan, har yau ban kama kaina ba. Amma ki rufa mini asiri. Na sa hannu a takarda. Ranar da maganar nan ta fito daga bakina ko bakin wanda na faɗa wa, babu kamfanin da zai sake ɗaukata ko sharar barga."

Na yi masa alkawari. Daga nan na koma kai masa rigunansa da kaina, abin da ban yi wa kowa ba. Kafin ɗaukar fim ɗin ta yi rabi, na san ina son mutumin nan, shi ma ya faɗi nasa, yana kallon takalminsa kamar wanda ya zo ba da haƙuri.

Matsalar Baba ce. Shekarata ashirin da bakwai, da na ga dama sai in bi Emmett California babu mai riƙe ni. Amma tun rasuwar mahaifiyata mu biyu ne a gidan, kuma na san idan na tafi ba da yardarsa ba, Baba zai mutu bai sake kiran sunana ba. Na san halinsa, irin nawa ne.

Baba makiyayi ne, kuma duk Asabar yana silima. Ba labari yake zuwa kallo ba, zaman mutane a kan doki yake kallo. Mutum ɗaya tak Baba ya yarda da shi a duk Hollywood.

Yakan ce, "Dubi bayan Wade Hollis! Dubi hannunsa, ko ƙwai ya riƙe ba zai fashe ba. Wannan a kan sirdi aka haife shi."

Emmett kuwa ko sunansa ba ya son ji. Ba don yana harbin mutane ta baya ba, wannan Baba ya san wasa ne. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne yadda mugun ke hawa: gwiwar hannu na kaɗawa, yana fizgar linzami, doki na wurga kai sama.

"Harbi ƙarya ne, jini ƙarya ne," in ji Baba, "amma bakin doki ba ya ƙarya. Mutumin da zai yi wa dabba haka, me zai yi wa mace?"

Ni kuwa na san darakta ne ke son mugu ya yi mugun hawa. Na san linzamin sake yake, dokin ne aka koya wa wurga kai idan an taɓa masa wuya. Gaskiyar tana bakina kamar garwashi, ba damar tofarwa. Haushi ya ishe ni har na ƙona wa Wade Hollis riga da dutsen guga, ban kuma yi nadama ba.

Da ƙyar Baba ya yarda Emmett ya zo cin abincin rana ran Lahadi. Motar kamfani ta sauke shi ta wuce. Na gasa naman sa, na dafa dankali, na yi fanken tuffa. Baba bai ko taɓa nasa ba.

Ya ce, "Mista Rusk, a ina ka koyi hawa? A shagon aski?"

"A Montana, ranka ya daɗe. Wajen mahaifina."

"Allah Ya ji ƙansa, don na tabbata baƙin ciki ne ya kashe shi."

Na ce, "Baba!"

"Ke rufe mini baki. Ɗan nan, magana ɗaya zan faɗa maka. Da Wade Hollis ne ya zauna a kujerar nan, da yau na ba shi ita har da garke. Kai kuwa ko akuya ba zan ba ka riƙo ba."

Na dubi Emmett, idona na roƙonsa ya faɗa. Ya goge bakinsa, ya miƙe, ya ce, "Na gode da abinci, ranka ya daɗe. Kun fi ni sanin 'yarku." Na ji kamar in ɗauki tukunyar nan in kifa wa su biyun.

Daga gidanmu zuwa gari mil shida ne, kuma motar kamfanin sai yamma za ta dawo. Sai na ga bakin Baba ya motsa, irin motsin da yake yi idan mugunta ta zo masa.

"Ai ba za ka tafi a ƙasa ba, kai da kake babban mahayi. Nadine, a ɗaura wa Juniper sirdi."

Juniper goɗiya ce mai taushin baki. Duk wanda ya ja mata linzami, ko kaɗan ne, ƙasa za ta kai shi. Ta karya wa makiyayi ɗaya hannu. Baba ya fito da kujerarsa baranda ya zauna, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, kamar ya sayi tikiti.

Emmett ya hau. Ya yi ƙoƙari, wannan na shaida. Ya buɗe gwiwar hannu, ya sunkuya, ya yi irin mummunan zaman da ake biyansa ya yi. Baba ya fara dariya. Suna kaiwa bakin ƙofar shinge, zomo ya fyallo daga cikin ciyawa ta ƙarƙashin hancin Juniper. Ta zabura, ta yi tutsu, ta nufi ramin ruwan da ke gefen hanya a guje.

A nan jikinsa ya manta da takardar da ya sa wa hannu. Gwiwar hannun ta koma jikin haƙarƙari. Bayansa ya miƙe, kafaɗar hagu ta ɗan sauka. Bai ja linzami ba ko kaɗan, da gwiwa ya yi mata magana, suka tsallake ramin kamar abu ɗaya, suka miƙe hanya cikin sukuwa mai laushi, jajayen duwatsu a gabansu.

Dariyar Baba ta tsaya. Ya sauke ƙafarsa. Ya miƙe ya zo bakin baranda ya sa hannu a goshi, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Nadine, na san bayan nan."

Na kau da kai. Alkawari na yi.

"Fim goma sha ɗaya nake yabon bayan nan." Ya juyo ya dube ni. "Kin sani?"

"Ni mai wanki ce, Baba. Me na sani?"

"Kuma ya zauna a teburina ina zaginsa da sunan kansa, bai ce uffan ba?"

Na ce, "Haka dai na gani."

Ya sake duban hanya. Sai ya daka mini tsawa kamar ni na yi laifin. "To me kike jira? Ɗauki motata ki dawo mini da shi! Mutum bai ci fanke ba kin bar shi ya tafi, wace irin tarbiyya na ba ki?"

Har Baba ya rasu bai taɓa tayar wa Emmett maganar ba, bai kuma faɗa wa kowa ba. Sunan mijina bai taɓa fitowa a kan allo ba sai a matsayin mugu. Amma ranar da aka nuna fim ɗin a silimar garinmu, ina zaune tsakaninsu. Fuskar Wade Hollis ta cika allo, jama'a suka ɗau tafi da fito, Baba ya naɗe hannu a ƙirji. Sai da jarumi ya juya baya ya sukwani doki, kowa ya yi shiru, sannan Baba ya miƙe tsaye shi kaɗai ya cire malafarsa.

Wani daga baya ya ce, "Orval, zauna mana, ka tare mana!"

Baba ya ce, "Ku yi haƙuri, ina gaida wani ne."