Bangon Kyauro

Wata huɗu Falih ya yi a ramin yaƙi gabas da Basra, ba wanda ya kira shi da sunansa. "Mai ɓauna" suke ce masa, don daga fadama ya fito, inda ake kiwon ɓauna, ake tayar da gida da kyauro a kan ruwa. Abin yana ci masa rai, amma ya haɗiye.

Da ruwan hunturu ya sauko, bangon ramin ya fara zabtarewa. Buhunan yashi suka ruɓe, laka har gwiwa, shayi ma a tsaye ake shansa. In kuwa rami ya cike, kai zai fito fili, kuma maharban tsallake ba sa kuskure.

Falih ya ƙame a gaban Saje Mizhir. "Yallaɓai, a ba ni lauje da mutum biyu. Kyauro zan yanko."

Nazar, ɗan Bagadaza mai tsaftar tsiya, wanda ke goge takalmi a tsakiyar laka, ya kwashe da dariya. "Turke zai kafa mana, Yallaɓai! Saura ya ce mu fara tuƙa."

"Ga mutuminka na farko," in ji Saje, ya nuna Nazar.

Kwana shida suna yanka, suna fasawa da gindin bindiga. Falih yana saƙa zana yadda mahaifinsa ya koya masa, yana kafewa a bango da turaku. Nazar yana miƙo kyauro yana tsaki.

Rana ta bakwai da hantsi, ana tsuga ruwa, igwa ta buɗe musu wuta. Tsoro ya kama Falih sosai: in bangon nan ya sake, shi ya binne mutum goma sha ɗaya. Ramin maƙwabta ya rufta, har sai da aka tono mutane da hannu. Nasu ya kumburo kamar cikin wanda ya ƙoshi, ya tsaya.

Da la'asar kyaftin ya zo yana shafa saƙar. "Aikin wa?"

Kafin Saje ya buɗe baki, Nazar ya riga shi. "Na Abu Sabriyya ne, Yallaɓai. Mu 'yan miƙo kyauro ne kawai."

Abu Sabriyya, wato baban Sabriyya, 'yar Falih. Sau ɗaya tak Falih ya taɓa ambaton sunanta, a bakin yankan kyauro, bai ma zaci ana jinsa ba. Ya ƙame, ƙirji a waje, laka har kunne, ya sara wa kyaftin.