Mai Ƙonawa ko Mai Bin Jijiya

Ina kan keken ɗinki Yaya ya kira ni a waya, wai in zo asibiti, Inna tana ta amai. Ko zaren ban tsaya yankewa ba.

Na same ta a kan gadon da ke kusa da taga, an sa mata ƙarin ruwa, leɓɓanta sun bushe. Tana ganina ta ce, "Ke kuma wa ya taso ki? Ɗan ganye ne kawai bai karɓe ni ba."

Ɗan ganye! Inna ba ta iya wuce ganyen da ya fito da kansa a gefen gona sai ta tsinka. Da hantsi ta zaga gonar Yaya da ke bayan gida, ta cika kwano, ta dafa, ta ci ita kaɗai. Abin da ba ta sani ba, da sassafe Yaya ya sa an yi wa gonar feshin maganin ciyawa. Bai gaya wa kowa ba. Shi dama magana tsada take masa.

Wata nas ta ja mu waje. "Wane iri aka fesa? Ku kawo min kwalbar."

Yaya ya sosa ƙeya. "Maganin ciyawa dai."

"Malam, maganin ciyawa ba ɗaya ba ne. Wani ciki kawai zai murɗa. Wani kuma sai mun tura ta babban asibiti yanzu, kuma tafiyar awa huɗu ce, ga jikin tsufa. Ba na so in wahalar da ita a banza, ba na kuma so in zauna da ita a nan in mai haɗarin ne."

Babu kwalba. Dogo mai feshi da tankinsa a haɗe ya zo, ya fesa, ya hau babur ya yi gaba. Sau tara na kira wayarsa, a kashe. Na dubi Yaya, da ba don ya girme ni ba da na faɗa masa abin da ke bakina.

Na ruga shagon kayan gona da ke bakin titi. Mai shagon dattijo ne, yana jera buhunan taki. Na zayyana masa komai ina haki.

"Zauna, 'yata."

"Baba, ba zama ya kawo ni ba."

Ya ajiye buhun. Ya ce Dogo ba a wurinsa yake saye ba, amma tunda share gona aka yi kafin shuka, ɗayan biyu ne. Akwai mai bin jijiya, wanda ganye ke sha ya sauka har saiwa. Da shi, ciyawa takan yi kwana biyar ko fiye tana kore shar kamar ba a taɓa ta ba. Akwai kuma mai ƙonawa, wanda ke cin duk inda ya taɓa. Da ya zo kan wannan sai ya rage murya.

"Ai kore ne da ta tsinka!" na ce. "Inna ba za ta ɗebi ƙonannen ganye ba. Ke nan mai bin jijiya ne."

Ya leƙa waje ya dubi sama. "Da safe akwai hadari. Mai ƙonawa sai rana ta buga yake nuna kansa. Yanzu ta kai awa biyu da fitowa. Je ki duba ciyawar. In tana tsaye, ki gode wa Allah. In ta yi laushi kamar an watsa mata tafasasshen ruwa, kada ki ɓata ko minti ɗaya."

Ban san yadda na isa gida ba. Na wuce ta tsakar gida, tukunyar Inna tana nan a murhu da sauran ganyen a ciki, kaji suna zagayawa. Na kife ta da faranti, na ɗora dutse. Na nufi ƙofar baya.

Daga ƙofar baya gonar kore take, har na fara sauke numfashi. Ni da tun ina ƙarama ba abin da na tsana kamar cirar ciyawa, yau ga ni ina roƙon Allah ya bar min ita da rai. Na bi gefen katanga, inda sawun silifas ɗin Inna ya fito a laka, har wurin da guntayen karan da ta tsinke suke.

Na durƙusa. Na taɓa ganye ɗaya da tsinke, ya lanƙwashe bai tashi ba. Na kusa da shi ma haka, ya yi duhu, ya jiƙe, gefensa ya fara komawa ruwan ƙasa. Na ɗaga kai, sai na ga duk layin da rana ta fi bugawa ya kwanta.

Waya ta yi ƙara a hannuna. Yaya ne, ina jin muryar Inna a bayansa tana cewa a sallame ta, ba ta ba kaji ruwa ba.

"Yaya aka yi?" ya ce. "Nas tana jira."

"Yaya, nemo mota."